Tukunyar da Babu Iska a Cikinta

Tun farkon shekara ake gaya mana wata mura na tafe, ba irin wadda muka saba ba, wadda za ta cika asibiti har a rasa inda za a sa ƙafa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na sha zaman taro a kanta har na ƙoshi. An koya mana wanke hannu kamar ba mu taɓa ganin ruwa ba, an gwada mana takunkumi, an sayo tukwanen iskar oksijin sababbi fil. Daga ƙarshe aka ce za a yi atisaye: a wayi gari kamar annobar ta iso, a kawo marasa lafiyar ƙarya, baƙi daga ma'aikatar lafiya su tsaya su ga ko za mu iya.

Da aka ce ana neman masu kwaikwayon ciwo, mijina ya yi tsalle ya ce da shi. Tsohon malamin makaranta ne, zaman gida ya ishe shi tun da ya ajiye alli, ga shi da son a kalle shi. Amma yana da ciwon zuciya, zuciyar ta daɗe da gajiya. Idan ya kwanta a miƙe ruwa kan taru masa a ƙirji, shi ya sa a gida kusan a zaune yake barci, bisa tarin matasai.

"Malam, ka rufa mini asiri ka yi zamanka," na ce masa. "Kai da ke da na gaske, me za ka yi da na aro?"

"Haba Sista," in ji shi. Haka yake kirana idan yana neman tsokana. "Ai gwani ake nema. Wa ya kai ni sanin yadda ake haki?"

Na yi faɗan, na yi lallashin, ko a jikinsa. Da na ga ba zan ci nasara ba sai na sa shi ya yi mini alkawari ɗaya: kome za a yi, ba zai yarda a kwantar da shi ba. Ni kuwa na san ina wurin, idona na kansa.

Ranar atisaye an kafa babbar rumfa a farfajiyar asibiti, an jera gadajen tafi-da-gidanka. Don kada a yi asarar iska a kan masu lafiya, tsofaffin tukwanen da suka ƙare aka goge aka ajiye a gefen gadajen. Masu iska kuwa an tattaro su daga ɗakuna an kai sito, inda baƙi za su gan su a wuri guda su yaba. An bar guda ɗaya a ɗakin tiyata. Duk mun san da wannan, kuma babu wanda ya ga aibinsa, har da ni.

Abin da ban sani ba shi ne ƙuri'a. Babbar Sista, shugabarmu, ta tara mu ta ce a annoba ta gaske ma'aikata ma kwanciya suke yi, saboda haka wasunmu za su kamu yanzu. Aka zagaya da kwali, kowa ya zari takarda. Tawa ta ce na kamu. Haka ta mai sito, da ta wasu da dama. Aka karɓe wayoyinmu aka zuba a kwalin, aka kora mu ɗakin taro na sama, aka ce kada wanda ya sauko sai an busa usur.

"Ranki ya daɗe, maigidana na ƙasa, kin san larurarsa," na ce mata.

"Zan gaya wa yaran da ke aiki a rumfar," ta ce, idonta na kan baƙi.

A ɗakin taro an ajiye mana shayi da burodi. Mai sito ya kurɓa sau biyu ya ce tun da shi mara lafiya ne, bari ya je jinyar babur ɗinsa wurin bakanike. Aka yi dariya, ya sulale ta ƙofar baya. Sauranmu muka jeru a taga muna kallo kamar an kunna mana talabijin.

Daga sama komai ya yi kyau. Motoci na sauke mutane, ana ɗaura musu ƙyalle a hannu, kore ga mai sauƙi, ja ga wanda ya yi tsanani. Na hango mijina ya sauko yana tangaɗi, ya dafe ƙirji, ya yi wani tari da ya sa har baƙin suka juyo. Aka ɗaura masa ja. Wata sabuwar ma'aikaciya da ba ta san shi ba ta kai shi gado, ya zauna, ta tura kafaɗarsa. Na ga ya ɗaga hannu yana mata bayani. Ta nuna masa sauran masu jan ƙyalle, duk a kwance, ta nuna masa baƙi. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara bin doka, sai ya kwanta.

"Kai, mijinki ya iya!" in ji wata a gefena. "Wannan ai sai a ba shi kyauta."

Na yi murmushi don kada a ce na cika tsoro. Na ce a raina minti kaɗan ba zai yi komai ba, yanzu zai tashi. Ya ci gaba da nishinsa na wasa, yana jujjuya kai, yana kiran wayyo. Muddin yana wannan hayaniyar hankalina a kwance yake.

Can sai ya yi shiru. Ya cire hularsa ya ajiye a kan cikinsa, ya fara ƙoƙarin tashi da gwiwar hannu. Na san wannan shirun, a gida shi ke tashe ni daga barci. Yarinyar ta zo da sauri, kamar yadda aka koya mata, ta mayar da shi kwance, ta jawo robar iska ta rufe masa hanci da baki, ta murɗa kan tukunyar. Ɗaya daga cikin baƙin ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Ban san lokacin da na bar tagar ba. A ƙasan bene maigadi ya tare ni, baki har kunne.

"Ina zuwa, Sista? Ke fa ba ki da lafiya."

"Matsa mini!"

"Wallahi an ce ko likita ne kada in bari..."

Na hankaɗe shi. Na ratsa rumfar, na fizge robar daga fuskar mijina, na ɗago shi zaune na jingina shi a ƙirjina. Leɓɓansa sun canza launi, gumi ya jiƙe rigarsa sharaf. Na ce a kawo iska. Yarinyar ta nuna mini tukunyar da ke gefe. Na ce ta gaske, ta gaske nake nufi. Wasu suka ɗauka wannan ma cikin shirin ne, har wani ya ce ashe an tanadi abin ba-zata.

Likita ne ya fara ganewa. Ya sa abin awo a ƙirjinsa, ya ɗago, ya daka tsawa a tsaya. Aka yi masa allura. Aka ruga ɗakin tiyata, aka tarar tukunyar can tana kan wata mata da aka riga aka buɗe wa ciki. Aka ruga sito, ƙofa a kulle. Aka kira mai sito, wayarsa ta yi ta ƙara a cikin kwali a kan teburin Babbar Sista. Makullin yana aljihunsa, don a wasan da aka tsara babu inda aka ce wani zai buƙaci sito kafin a busa usur.

Ƙofar kuwa sabuwa ce, ta ƙarfe, an sa ta musamman don kada ɓarayi su taɓa kayan annoba. Ina jin ƙarar guduma daga inda nake zaune. Sun daɗe suna dukanta.

Ba zan ce na yi kuka ba, don ban yi ba. Na riƙe shi, ina jin numfashinsa na ƙara gajarta a jikina, ina kallon abubuwan da ba su da amfani. Igiyar rumfa ɗaya ta kwance. Baƙon nan ya rufe bironsa ya sa a aljihu, ya sake ciro shi. A gado na ƙarshe wani dattijo da ba a gaya wa an tsaya ba yana ta nishinsa na ƙarya, tsakaninsa da Allah.

"Sista," mijina ya ce, da ƙyar. "Na kwanta."

"Na gani, Malam. Yi shiru."

Lokacin da suka turo tukunyar a kan keke, mutum huɗu suna haki, likita ya riga ya cire abin awonsa daga kunne. Duk da haka sai da suka haɗa robar suka murɗa. Na ji iskar tana fita, shuu, da ƙarfinta. Na ce su kashe kada ta ƙare a banza, suka kashe.

Mutane sun zo gida ta'aziyya, sun tafi. 'Ya'yanmu sun yi ta tambayata yadda aka yi, na gaya musu tiryan-tiryan, kamar ina ba da rahoton wani majinyaci ga mai karɓar aiki. Ƙanwata ta ce in yi kuka ko zan ji sauƙi. Na gwada, babu abin da ya zo. Mai sito ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ni na ce masa ya tashi.

Ranar da na koma aiki Babbar Sista ta kira ni ofishinta. Ta rame. Ta ce an zauna, an gyara abubuwa da yawa: ba za a ƙara ajiye tukunyar da ta ƙare kusa da gado ba, ba za a ƙara karɓar wayar kowa ba. Sito kuma yanzu makullinsa biyu ne, ɗaya wurin mai sito, ɗaya wurin wata daga cikinmu.

Ta buɗe aljihun tebur ta ciro shi, sabo, yana ƙyalli, ta turo mini.

"An yi ta shawarar wa za a ba," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Kowa ya ce ke. Ke ce ba za ki taɓa yin nisa da shi ba."

Na duba ko zan ji haushi, ban ji ba. Na ɗauka na sa a aljihun rigata, na tambaye ta wane ɗaki aka ba ni yau.