Fili a Gefen Mbatomon

"Mayar da shi inda kika same shi, matar Agber."

Turken yana hannuna, jan fentinsa har ya shafe mini tafi, ga ramin da na haƙa masa da bakin fartanya. Ko motsin fitowar tsohon ban ji ba. Baba Tyozua yana tsaye a ƙofar gidansa, tsallaken 'yar hanyar ƙafa da ta raba mu, ya yafa zanensa mai ratsin baƙi da fari, asuwaki a baki.

"Baba, akuya ce ta tuge shi, gyarawa nake."

"Akuyar ce kuma ta haƙa masa sabon rami, taki uku zuwa wajena? Kawo ta mu sa ta a kwamiti, ta fi waɗanda ke ciki aiki."

Sati guda kafin nan 'yan safiyo, masu awon ƙasa, suka zo suka kafa turakun, kowane turke shi ne tsakiyar titin da za a yi mana zuwa babbar hanyar Gboko. Inda nawa ya faɗa, lemuna huɗu da marigayi mijina Agber ya dasa za su tafi. Na mayar da turken, idon tsohon a kaina. Amma tunda yau gaskiya na zauna faɗa, taki biyu na mayar, na cinye ɗaya.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Duk ƙauyenmu na Tse-Adzuana babu wanda bai taɓa turke ba. Iorbee, shugaban kwamitin hanya da kansa, ya tura nasa don kada a taɓa masa injin niƙa. Dattawan coci suka ɗaga nasu bayan an tashi daga sujada, wai katanga ce suke karewa. Wani ya tura wa ƙanensa, ƙanen ya turo masa, har suka kai ƙara wajen mai unguwa, wanda shi ma nasa turken ya yi tafiya. Mutum ɗaya ne bai taɓa ba, Baba Tyozua, tsohon malamin firamare, wanda ya shekara ashirin da biyu yana rubuta wasiƙar neman wannan titi, tun shekarar da motar doya ta kafe a rafi kwana tara.

Da 'yan safiyo suka dawo suka ga layinsu ya koma kamar sawun maciji, sai ransu ya ɓaci. Ba su sake awo ba. Igiya suka ja daga turken coci zuwa nawa, daga nawa zuwa na Iorbee, suka miƙe layi, suka kafa ginshiƙan siminti waɗanda ko saniya ba ta tuge su. Sabon layin ya cinye gaban gidan Baba, ya tsaya daf da kabarin matarsa Mbatomon.

Kabarin yana jikin bangon ɗakinsa ne. Ta ɗaya gefen bango, ta ɗayan kuma fili kamar faɗin tabarma, wanda shekara goma sha ɗaya bai bari ko kuɓewa a shuka a kai ba. Nan ya ajiye wa kansa, duk gari an sani. Yanzu ginshiƙin bakin titi ya tsaya a tsakiyar filin.

Ni na raka shi wajen injiniya, don ƙafarsa ta fara kumburi. Mun same shi a gindin mangwaro yana cin gasasshiyar doya da manja.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji shi, bakinsa cike. "Mu ba ma taɓa kabari. Duk inda muka tarar da kabari, kaucewa muke. Maman ba abin da zai same ta."

"Ban tambaye ka ita ba. Gefenta fa?"

"Akwai mutum a ciki?"

"Akwai mai shi, ga shi tsaye gabanka."

Injiniya ya yi dariya har ya ƙware. "To ai Baba fili ba kabari ba ne. Lambatu ne zai bi ta nan."

Da muka dawo ƙofar gida tsohon ya juyo ya dube ni. "Kin ji shi da kunnenki, ko? In akwai kabari suna kaucewa."

Washegari ya aika a kira masu haƙa, ya ce su haƙa masa ramin tun yanzu a shafe da siminti. Suka ce Allah ya kiyaye, ba a haƙa wa mai rai. Ya ɗauki diga da kansa, ya yi sara biyu ya faɗi zaune, ni na ɗaga shi. Iorbee ya zo da gudu kamar an ce injinsa ya kama wuta.

"Baba, so kake ka jawo wa gari mutuwa? Wa ya taɓa yin haka?"

"Wa ya taɓa tura turken gwamnati don injin niƙa?"

"Haba Baba, ai wannan maganar ta wuce. Za mu kai batunka kwamiti."

An kai. Na zauna taron tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa. Awa biyu aka yi ana gardamar wace unguwa za ta dafa wa baƙi ranar buɗe titi, titin da ko ciyawa ba a share masa ba. Can ƙarshe aka zo kan Baba, sai Iorbee ya miƙe ya gyara hula, ya ce kwamiti ya yanke shawarar a sa wa titin sunan Baba. Aka yi tafi. Wata ma har da guɗa.

Da na kai masa labari yana kwance a rumfar tsakar gida. "Suna?" in ji shi. "Ni ina da suna. Wurin kwanciya na tambaya."

Daga nan bai ƙara tashi sosai ba. Damina tana ƙarewa, ƙafar ta koma kamar turmi, sakwara ma in na yi masa, loma biyu sai ya ture kwanon. Kullum na shiga, ba ya tambayar lafiyata, tambayarsa ɗaya ce.

"Katafilar ta kai ina?"

"Tana bayan rafi, Baba."

"Jiya ma bayan rafi kika ce. Malalata. Ko da yake gara haka."

Tsere yake da ita, ni kuma abin yana ba ni haushi yana ba ni tsoro. Na ce masa ya daina wannan sakarcin ya sha magani. Ya ce maganin me, so nake ya warke ya rasa wuri? Ranar wata Laraba da hantsi ina shafa masa man zafi, ya riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Matar Agber, kwana ɗaya. Kada ki bari su kai ni firij kamar kifi. Yau na tafi, gobe ku sa ni gefenta. Kin ji?"

"Na ji. Sake ni, kana karya mini yatsa."

Ranar Juma'a da azahar ya cika, katafila na ƙauye biyu daga mu. Na yi kuka, amma a cikin kukan har na ce a raina, ja'irin tsoho, ka riga su.

Ashe ban yi lissafi da ɗansa ba. Sesugh yana aiki a Fatakwal, kuma kafin rana ta faɗi ya bugo waya ya turo mota daga Gboko a ɗauki gawar zuwa mutuware, ɗakin sanyi na ajiye gawa. Na tare ƙofar rumfa na ƙwace wayar daga hannun direban.

"Sesugh, ubanka ya ce gobe."

"Mama, gobe kamar wani marar gata? Shekara tamanin da shida fa! Me mutane za su ce? Ba a yi wa gida fenti ba, ba a buga riguna ba, dangin uwarsa ba su zauna ba. Sai bayan Kirsimeti."

"Kafin Kirsimeti lambatu ya bi ta wurin, ɗan nan!"

"Iorbee ya ce mini kwamiti na kan maganar."

"Kwamitin ubanwa? Kai dai ka zo ka ga—"

Ya kashe. Na bi dattawa gida gida, kowa ya ce gawa ta ɗa ce, ni maƙwabciya ce kawai. Fasto ya ce in yi haƙuri, ƙasa duk ta Ubangiji ce. Na ce masa to me ya sa kuka tura turkenku? Daga nan sati uku bai amsa gaisuwata ba.

Kwana tara bayan nan muka ji gurnanin katafila a bakin gari. Na ɗauki garmata na tsallaka. Na ce tunda kabari suke tsoro, zan yi musu kabari. Na shiga tara ƙasa a gefen Mbatomon, ina sara ina zagi, na zagi Iorbee, na zagi Sesugh, na zagi tsohon da ya ɗora mini wannan kaya ya tafi ya kwanta a sanyi. Na gama, na tsinko ganye na ɗora a kai, na zauna gefe na ɗaure fuska irin ta mai makoki.

Katafilar ta tsaya. Direban ya leƙo, wani ƙaton mutum mai furfura, ɗan ƙasarmu ne daga maganarsa. Ya dubi aikina, ya dube ni.

"Mama, wane iri kika binne? Farar doya ce ko mai ruwa?"

Sai a lokacin na duba da idon basira. Tulin nan zagayayye ne, mai tsini, ga ganye a ƙoƙon kansa. Shekara hamsin hannuna yana tulin doya, bai san wani tuli ba. Ma'aikata suka fashe da dariya, har wani ya riƙe ciki. Ni kuwa kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni.

Injiniya ya zo, shi bai yi dariya ba. "Mama, faɗa mini gaskiya. Yana ciki?"

Da na ce e, wataƙila da ya kauce. Amma duk gari na tsaye, kowa ya ga fitar motar.

"Yana Gboko," na ce.

Ya sa aka ɗauke mini garmar a hankali. Shara ɗaya katafila ta yi wa tulin. Kafin sati ya zagayo sun zuba lambatun siminti, bakinsa bai fi tafin hannu ba daga kabarin Mbatomon. Nakan tsaya in auna da ido, kuma kullum amsar ɗaya ce: da takin nan ɗaya da na cinye yana nan, da an matsa an sa shi ko a takure. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, kuma abin yana cina.

Bayan Kirsimeti aka kawo shi, da ganguna da riguna masu hotonsa da saniya biyu. Iorbee ya yi jawabi har makirufo ya gaji. Sesugh ya so a sa shi bayan gida kusa da garken awaki, don nan ne kawai fili ya rage. Na ce sai dai a bi ta kaina. Na ba da ƙofar gidana, nan ne ya fi kusa da ita, titi ne kawai tsakani. Wannan karon ba wanda ya ce ni maƙwabciya ce kawai.

Gidan nasu a kulle yake yanzu. Da safe nakan share kabarin Baba tukuna, in tsince ganyen da ya zuba, in tsaya bakin titi da tsintsiya a hammata sai motar doya ta wuce. Sannan in tsallaka, in haura lambatun, in durƙusa wajen Mbatomon.

"Ya kwana lafiya," nakan ce mata, in fara shara daga wajen kai.