Awon Tela

Sifana mai lamba goma sha tara ce ta fara zubar da jini a kan akori-kurar. Injiniya ne ya jefa ta, ƙaninsa Tela ya tare da girar hagu, jini ya gangaro masa har cikin aljihun da yake ajiye alli. Inna, wadda ta haife su su biyun, tana zaune a bakin ɗakinta, abin da kawai ta ce shi ne su matsa daga wajen shanyarta.

Motar ta mahaifinsu ce. Shekara goma sha shida da suka wuce ya shigo da ita tsakar gida don ya canja mata famfon ruwa, ajali ya riga shi, kaji suka gaje ta. Injiniya kuwa ba injiniya ba ne, mai walda ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙera gadaje da tagogi. Ya samu sunan ne saboda ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba. Da idonsa ya fara dushewa aka sallame shi daga aiki, sai ya kori kajin, ya ɗora motar a kan bulo, ya rantse ba zai makance ba sai ya tuƙa ta a titi. Shekara biyu yana kwance a ƙarƙashinta. Ya sa mata injin wata bas da ta yi haɗari, ya ƙara sifirin uku-uku a baya, ya yi wata biyar yana yawo wajen masu tsofaffin kayan mota kafin ya samu gilashin gaba da ya zauna daidai. Daga ƙarshe ya cire ruɓaɓɓen bodin baya ya ƙera sabo, mai faɗi, da ƙarfe mai kauri. Likita ya ce masa wannan ce waldarsa ta ƙarshe in yana son ya ci gaba da gane fuskar mutane.

Hanyar fita daga gidan ɗaya ce, lungun da ya tashi daga tsakar gida ya ƙare a get ɗin ƙarfe. Bayan rasuwar mahaifinsu Tela ya gina shagon ɗinkinsa a gefen lungun, ya ci wani sashe. Injiniya ya san da haka. Shi ya sa kafin ya yanka ƙarfe ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce wa ƙanin, tunda tef na rataye a wuyansa, ya auno masa faɗin lungun. Tela ya auno ya ce inci saba'in da takwas. Injiniya ya ƙera bodi saba'in da shida, ya bar inci ɗaya kowane gefe, yana ta yabon kansa.

Lungun inci saba'in da huɗu ne. Shekara talatin Tela bai taɓa faɗin abin da tef ya nuna ba. Ƙirji ne, ƙugu ne, cinya ce, sai ya ƙara inci huɗu na walwala, don kada mutum ya ci ya ƙoshi ya dawo masa da rigima. Hannu ke aunawa, baki ke ƙarawa, shi kansa bai san lokacin da abin ke faruwa ba.

Ranar da Injiniya ya sauke motar daga bulo ya auna lungun da kansa, sau uku, sannan ya kira ƙanin. Tela ya dubi tef, ya sosa ƙeya.

"To Yaya, ni ban taɓa ɗinka wa lungu riga ba."

A nan sifana ta tashi. Tela ya shafa gira ya ga jini, ya shiga shago ya fito da babban almakashinsa. Suka kama juna a jikin mota, maza biyu masu furfura da tumbi, suna nishi kamar masu ɗaga buhu. Almakashin ya tsaga wa Injiniya damtse. Injiniya ya kama kan ƙaninsa ya buga da murfin inji sau biyu, a na uku ya tuna da sabon fenti ya fasa. Suka rabu ba don kowa ya raba su ba, numfashi ne ya ƙare.

Daga nan kowa ya ja layinsa. Injiniya ya ce bangon shago zai sauka, tunda bakin mai shagon ne ya yi ɓarnar. Tela ya ce a wannan bangon yake ci, yaransa ma a nan suke ci, a rage bodin. Rage bodin kuwa na nufin yanke gefe guda daga sama har ƙasa a sake walda, da idon da babu. Washegari Injiniya ya ɗauki guduma ya fasa bulo huɗu a bangon, ƙura ta rufe yadin wata mata da ke kan teburin yanka. Tela ya zagayo da dutsen gugarsa ya fasa fitilar mota ta dama, ya tsaya ya duba, ya ga ba su yi daidai ba, ya fasa ta hagu. Aka sake dambe, wannan karon har da cizo. Inna ta ce ita dai ta gode da ubansu bai ga wannan ba, don da shi ma ya shiga.

Kwana uku ba su yi magana ba, kuma saura aiki ɗaya a motar: cire iskar birki. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a ciki yana taka birki, ɗaya ya kwanta a ƙasa yana kwance noti yana ɗaurewa har man birki ya fito ba kumfa. Duk shekara biyun nan, in aiki ya buƙaci ƙafa ta biyu, ƙafar Tela ce. Injiniya ya dubi ƙofar shago, ya dubi galan ɗin man birki, ya cika kofin man birkin motar har baki ya rufe. Ya taka sau biyu, ya ji kamar akwai ɗan tauri, ya ce ya isa.

Da hantsi a rana ta huɗu ya tayar da inji. Ya yi lissafin cewa ƙarfensa ya fi bulon Tela kauri, in ya shiga da gudu inci biyun za su ba da hanya da kansu. Tela ya ji ƙarar ya fito a guje, ya rufe get ya sa kwaɗo, ya jingina bayansa da shi, dutsen guga a hannu, filasta a gira.

"Taho, Yaya. Sai dai ka bi ta kaina."

"Matsa, ɗan ƙaramin maƙaryaci."

"Na ce taho."

Injiniya ba shi da niyyar kashe kowa. Niyyarsa ya taho da gudu, ya ga ƙanin ya tsorata ya haye get kamar biri, sannan ya tsaya. Ya sa giya ya danna totur, injin bas ya yi kururuwa, kaji suka watse. Kan motar ya shiga lungu. Tela bai motsa ba. Injiniya ya taka birki, birkin ya tafi har ƙasa kamar an taka ruɓaɓɓen tumatir. Ya sake takawa. Ya ga fuskar ƙaninsa tana girma a cikin gilashi, ya ga bakinsa a buɗe, ya ga har zaren da ke maƙale a wuyan rigarsa.

Sai bodin baya ya iso bakin lungu. Ƙarfe ya ci bango hagu da dama, ya shiga kamu guda yana tartsatsi, ya cije. Motar ta tsaya cak, Injiniya bai tsaya ba. Ƙirjinsa ya haɗu da sitiyari, bakinsa ya bi baya, ya ji wani abu ya ɓalle a haƙarƙarinsa, haƙora biyu suka faɗo masa a cinya.

Da ya ɗago kai, Tela na nan a tsaye tsakanin bambar gaban mota da get, bambar tana taɓa maɓallin rigarsa. Wandonsa a jiƙe. Warin fetur ya cika lungun. Injiniya ya tura ƙofa, ta buɗe faɗin tafin hannu ta daki bango. Ɗayar ma haka.

Tela ya ja jiki ya hau murfin inji da rarrafe, ya durƙusa a gaban gilashi, ya ɗaga dutsen guga sama. Suka kalli juna. Injiniya bai san wa ake nufi ba, shi ko gilashin, amma ya san wanda ya fi wuyar samu.

"Ban da gilashin," ya ce, jini na bin haɓarsa.

Tela ya sauke dutsen a kan gilashin. Bugu uku sun isa, ya yi tara. Sannan ya zura hannu ya murɗe makulli ya kashe inji, ya kama yayansa ta wuyan riga ya janyo shi ta kan ɓaraguzan gilashi, ba tare da wani lallashi ba. Maƙwabta suka karɓe shi ta saman get.

Da la'asar Injiniya ya dawo daga asibiti, ƙirji a naɗe, leɓe a kumbure. Motar na nan ta toshe lungu. Inna ta yi magana daga can bayan bodi, ba a ganin ta. Ta ce gobe tana da ganin likita, kuma ita da shekarunta ba za ta haye mota ba, su san yadda za su yi. An riga an kira wani tsohon abokin aikin Injiniya, ya zo da injin yankan ƙarfe, yana tsaye yana jiran a nuna masa inda zai yanka.

Injiniya ya dubi bangon shago. Ya tsage, amma yana tsaye. Ya dubi wajen da ƙaninsa ya tsaya da safe. Ya miƙa hannu ba tare da ya juya ba, Tela ya sa masa alli mai busasshen jini, sannan ya hau bodi ya ja tef.

"Inci shida za a rage," in ji Tela.

Injiniya ya san huɗu daga ciki na baki ne. Aka tallafe shi ya hau, ya sunkuya yana cije leɓe, ya kanne idon da ya fi gani, ya ja layin a kan shida.