Ɗaya Daga Cikin Hamsin da Uku

Earline tana juya tarwada a cikin mai lokacin da Purvis makaniki ya buga tafin hannunsa a kan kanta har cokula suka yi tsalle.

"Strickland ya ƙare, Dikin. Tun bara ya ƙare. Mutum ɗan shekara talatin da uku, gwiwa biyu duk an yi musu aiki, kai kana cewa a bar mana shi a baya? Kakata ma sai ta wuce shi da sandarta."

"Kakarka ta rasu tun kafin a haifi Strickland," in ji Dikin Otis, dattijon coci, bai ko ɗago daga kofinsa ba.

"To ka gani. A hakan ma sai ta wuce shi."

Direbobin bas uku da ke cin abincin rana suka yi dariya. Earline ta tsame kifin, ta zuba ganye da gurasar masara a gefe, ta tura farantin gaban Purvis.

Talatar ƙarshen Agusta ce, ranar sallama. Ƙungiyar birnin ta ƙwallon Amurka, wadda ake yi da hular kwano da karo, ta shiga atisaye da mutum casa'in, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma dole ta miƙa sunayen hamsin da uku. Wanda za a sallama waya ake buga masa, a ce koci na son ganinsa, ya taho da kundin dabaru. Wanda aka riƙe ba a ce masa komai. Duk ɗan wasan da ke tsaka-tsaki a ƙasar Amurka yau addu'arsa ɗaya, kada wayarsa ta yi ƙara.

Mako uku ke nan ba a wata magana a gidan abincin Earline sai ta sefti, mai tsaron baya na ƙarshe, wanda in mai ƙwallo ya tsere masa babu sauran kowa sai layin ci. Gurbi biyu suka rage, mutum uku ke nema. Akwai Strickland tsohon hannu, da wani yaron Texas mai suna Ferris da ƙungiya ta zaɓo daga jami'a, sai Lemuel Boykin ɗan Earline, wanda babu wanda ya zaɓe shi, da ƙafarsa ya kai kansa gwaji.

"Ferris gudu kawai ya iya," in ji ɗaya daga cikin direbobin. "In ya ga ƙato ya doso shi sai ya tuna yana da uwa."

"Lem kuwa ba ya tunawa," Purvis ya ce da baki cike. "Yi haƙuri, Mis Earline, amma gaskiya ce. Kun ga karon da ya yi ranar Juma'a? Mutum ya fi shi da kilo ashirin, yaron nan ya sa kai ya shige shi, ƙwallo ta tashi sama kamar an harba ta. Sau goma sha ɗaya na kalla. Jini ne. Ko ba haka ba, Guduma?"

Duk suka juya wajen teburin da ke jikin taga. Cleon, mijin Earline, yana zaune yana ninke tsummokin goge hannu ɗaya bayan ɗaya. Jin sunan sai ya ɗago ya yi murmushi. A bangon da ke samansa akwai hotonsa yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, da hular kwano da lamba ashirin da bakwai a ƙirji, lokacin da duk jihar ke kiransa Guduma. Yanzu shekarunsa hamsin da takwas. Shekara shida da suka wuce ya ɓata da motar gidan waya a unguwar da ya yi shekara ashirin yana raba wasiƙu, tun daga nan yake zaune a wannan teburi. Kullum masu shigowa sai sun gaishe shi, su ba shi labarin karon da ya yi a wasan ƙarshe na jami'a, wanda shi ba ya tunawa. A cikinsu babu wanda ya taɓa kallon hoton, ya kalli mutumin da ke ƙarƙashinsa, ya haɗa biyun.

Ƙarfe biyu da rabi Lem ya shigo sanye da baƙin tabarau. Aka tashi ana dukan kafaɗarsa. Ya ajiye wayarsa a kan kanta, fuskarta na kallon sama, Purvis ya kawar da kwalbar yaji daga kusa da ita kamar wani abu zai same ta. Lem ya sumbaci goshin mahaifinsa, ya wuce kicin.

Earline ta same shi a ɗakin ajiya, zaune a kan buhun albasa, bai kunna fitila ba.

"Cire tabarau," ta ce.

"Mama, don Allah."

"Jiya ka yi amai?"

"Zafi ne. Kowa na amai a Agusta."

"Ranar Asabar sau biyu ka tambaye ni inda sukari yake. A gidan da aka haife ka."

"Sun gwada ni, Mama. Ranar Juma'a a gaban kowa suka shigar da ni tanti, likita ya gwada ni, na ci, na koma fili."

Ta san ya ci. Ta kuma san yadda aka yi ya ci. A farkon atisaye ana zaunar da kowane ɗan wasa gaban na'ura a gwada saurin ƙwaƙwalwarsa, kalmomi da siffofi da lambobi, a ajiye sakamakon. Ranar da ya bugu a kai sai a sake gwada shi a kwatanta da na farko. A watan Yuli Lem ya kira ta yana dariya, ya ce tsofaffin 'yan wasan ƙungiya sun koya masa dabara: a gwajin farko mutum ya yi sanyi, ya ɓata amsa biyu-uku da gangan, don ranar da kai ya girgiza a ga kamar babu abin da ya canja. Kowa haka yake yi, in ji shi. A lokacin tana tsaye tana yi wa Cleon aski, ta ce masa ba ta ga abin dariya ba, sai ya canja magana.

Ta zaro wani ɗan kati daga aljihun gaban rigar girkinta. Ranar da aka gayyaci iyaye sansanin atisaye wata likitar ƙungiya, Dokta Pellegrino, ta raba shi, ta ce duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya kira. Yawancin iyayen a kan kujeru suka bar nasu.

Lem ya ga katin. Ya miƙe tsaye da sauri, sai kuma ya dafa bango.

"In kin kira sun sallame ni. Mai ciwo ba ya shiga, ga Ferris lafiyarsa ƙalau. Shekara goma sha huɗu ina wannan abin, Mama. Saura awa ɗaya da rabi."

"Ranar Lahadi ta sama kuma su sa ka a fili da wannan kan."

"Zai warware kafin nan."

"Haka babanka yake cewa."

Lem ya koma ya zauna a kan buhun. Daga waje wani ya kira ta yana neman ƙarin shayi mai ƙanƙara. Ta mayar da katin aljihu ta fita.

Ƙarfe uku gidan ya cika. Masu shagon taya sun rufe sun zo, har da matar da ke sayar da tikiti a tasha. Talabijin na sama yana jero sunayen waɗanda aka sallama a wasu birane. Earline tana zuba shayi, tana goge kanta, hannunta na komawa aljihu. Ta ba kanta zuwa uku da rabi. In ta kira, ta san abin da ta karya, kuma ba lallai ne ya sake zama a teburinta ranar Lahadi ba. In ba ta kira ba, ga teburin taga nan, akwai kujera ta biyu.

Uku da minti ashirin wayar ta yi ƙara.

Gidan ya yi tsit, har ana jin man da ke tafasa. Lem ya fito daga kicin a hankali, ya duba lambar, ya ɗauka. Ya saurara na ɗan lokaci, ya kashe.

"Masu tallan inshorar mota ne."

"Ba ni lambar," in ji Purvis. "Yau sai na gaya musu abin da Dikin ba zai so ya ji ba."

Aka saki numfashi, aka koma kan Strickland. Purvis ya ce ko makaho ya ga yadda mutumin ke ɗingishi ranar Juma'a, ba yadda za a yi a ɓata gurbi a kan gurgu.

"Shi ya sa kake makaniki ba koci ba," in ji Dikin Otis. Ya yi shekara talatin yana tuƙa bas kafin ya yi ritaya, kuma yana karanta dokokin ƙwallo yadda yake karanta Littafi Mai Tsarki, da fensir a hannu. "Strickland bai ce yana ciwo ba. Ka ji ya faɗa? Ba zai faɗa ba sai huɗu ta wuce. Wanda ya bayyana ciwo yau da safe, takarda za a ba shi a raka shi bakin ƙofa. Wanda sunansa ya shiga hamsin da uku, ya zama nasu. Gobe ya ce gwiwa, sai su sa shi a jerin masu jinya, likitocinsu su duba shi, albashinsa na tafiya, gurbinsa na jiransa. Mako huɗu, mako shida, ya dawo."

"Wannan ai wayo ne."

"Doka ce. Tsofaffi sun san ta, yara ne ba sa karantawa."

Earline tana riƙe da butar shayi a kan kofin Dikin. Ta ajiye butar.

"Dikin, wannan dokar ta gwiwa ce kawai?"

"Kowane ciwo, 'yar'uwa. Gwiwa, kafaɗa, kai." Ya ɗago ya dube ta ta saman tabaransa, ya dubi Lem da ke can ƙarshen kanta ya juya wa taga baya. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya ɗauki kofinsa.

Uku da rabi ta zo ta wuce, Earline ba ta shiga kicin ba. Ta tsaya a bayan kanta tare da kowa, idonta a kan wayar. Tun safe take fatan ta yi ƙara a sallame shi a huta. Yanzu ta ga in an sallame shi babu likitan da zai bi ta kansa, jibi zai hau jirgi zuwa wani birni ya sake gwaji da kan nan. A minti ashirin na ƙarshe ita ma ta shiga addu'ar da kowa ke yi.

Cleon ya gama ninke tsummokin, ya warware su, ya fara daga farko.

Saura minti biyar Purvis ya fara ƙirga da ƙarfi, aka ce ya yi shiru. Agogon bango ya nuna huɗu. Babu wanda ya motsa, don agogon Earline yana gaba da minti ɗaya, kowa ya sani. Sannan sunaye suka fara gudu a ƙasan talabijin. An sallami Ferris. An riƙe Strickland. An riƙe Boykin.

Gidan ya ɗauka. Direbobi suka rungume Lem, matar tikiti tana kuka, wani ya fita ya danna hon ɗin bas. Lem yana dariya, amma duk lokacin da aka buga tebur sai ya runtse ido a bayan tabarau. Purvis ya je ya ɗaga hannun Cleon sama.

"Guduma, ɗanka ya shiga. Ka ji? Gudumarmu ta biyu."

Cleon ya dubi taron yana murmushi. "Lem ya dawo daga makaranta ne?"

"Ya dawo, tsoho, ya dawo," in ji Purvis, ya juya yana neman wanda zai runguma.

Earline ta kashe wutar kasko, ta shiga kicin, ta ja ƙofa. Ta goge hannunta, ta fito da katin, ta danna lambar. Tana jiran a ɗauka ƙofar ta buɗe. Lem ne, hayaniya ta biyo shi ciki.

"Mama, wa kike kira?"

Ta nuna masa agogon wayarta. Huɗu da minti shida.

"Kin ji abin da Dikin ya ce ke nan," ya faɗa a hankali. "Za su cire ni daga wasan farko. Za su san abin da na yi a gwajin."

"Za su sani."

"Mutanen nan fa? Me zan gaya musu?"

"Suna da Strickland. Su yi ta musu a kansa."

Ya tsaya yana kallonta. Taku biyu ne tsakaninsu, hannunsa kuma ya fi nata tsawo. A cikin wayar wata murya ta ce, "Pellegrino ce."

Lem ya mayar da ƙofar ya rufe, hayaniyar ta ragu. Ya miƙa hannu ya kashe fitilar kicin, ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina kai da firji. Sannan ya cire tabarau.

"Dokta, sunana Earline Boykin," ta ce. "Ɗana yana cikin hamsin da ukunku."