Yatsa Biyu Daga Gindin Riga

"Rage mini yatsa biyu," in ji direban, yana dafe da teburin yanka.

Tela ya dube shi ta saman tabarau. Karo na uku ke nan cikin shekara ɗaya maƙwabcinsa yana kawo doguwar rigar nan a rage mata tsawo, kuma a iya saninsa riga ba ta girma.

"Malam, ba rigar ke tsawo ba, kai ne kake raguwa."

Direban ya fara dariya, ya katse ta, ya kai hannu bayansa. Shekara biyu ke nan da aka yi masa dashen ƙoda, bayan ciwon suga ya gama da nasa biyun. Ƙanwarsa, autar gidansu, ita ta ba shi tata. Likita ya gargaɗe shi cewa magungunan da ke riƙe ƙodar suna cin ƙashi, ya riƙa zuwa awon ƙashi. Gogan naka bai leƙa ba ko sau ɗaya.

"Don Allah kar ka gaya wa Auta. Yarinya ta cire abin cikinta ta ba ni, in koma in ce mata ga baya kuma? Haba."

Tela ya sa almakashi. Ƙyallen ya jefa a durowa, kan biyun farko.

Ranar wata Talata da hantsi direban ya sunkuya ɗaukar bokiti a tsakar gida, ƙashin ƙugunsa ya karye. Ya kwana tara a asibiti, huhu ya kamu, shi ke nan, ya rasu.

Bayan mako guda Auta ta shigo shagon, ta zauna kan bencin da yayanta yake zama.

"Baba, likita ya ce ƙodar lafiyarta ƙalau har ranar ƙarshe. Ya ce ƙashin kuwa, da an zo da wuri, akwai magani." Ta goge hanci da bayan hannu. "Kullum kuna tare. Ba ka ga komai ba?"

Tela ya jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ko kuka ko kunya. Ko ɗaya bai zo ba.

"Na gani, 'yata."

Ya jawo durowa, ya fito da ƙyallayen gindin rigar uku, kowanne faɗin yatsa biyu, ya jera su a kan tebur, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Auta ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kai, bai rufe su ba.