Agogon Kwali

Mako uku Dogo yana koyon koyarwa a aji uku, kullum Malama Babba tana zaune a bencin baya tana duba littattafai. In yara suka fara surutu, gyaran murya kawai take yi, aji ya yi tsit. Ita ce za ta sa hannu a takardarsa cewa zai iya riƙe aji shi kaɗai.

Ranar Laraba ta ɗauki jakarta. "Ɗana, yau aji naka ne. Ina baranda."

Darasin karanta agogo ne, na minti arba'in. Dogo ya kawo agogon kwali da ya yanka da hannunsa. Ya haddace komai a gida, a gaban kujeru, su kuwa kujeru ba sa tambaya. Ya kama zuba kamar an kunna famfo, idonsa a kan allo, yana juya hannayen kwalin.

"Kun gane?"

"Eh, Malam!"

Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Minti goma sha biyu kacal suka wuce, kuma abin da ya tanada ya ƙare ƙarƙaf. Don ya cike shirun, ya nuna bangon ya ce, "To, ƙarfe nawa yanzu?"

Yara arba'in da shida, babu hannu ko ɗaya a sama. Wata mai giɓi a layin gaba ta ce, "Malam, jirgi ne zai tashi ya bar ka?"

Aji ya tuntsire da dariya. Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya nufi ƙofa zai kira Malama, har ya kama mariƙin. Ta taga ya hango ta tana gyara gilashinta, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ya san duk ta ji, ta dai bar shi da ajinsa ne.

Ya saki ƙofar, ya dawo a hankali. "Laifina ne, na yi gudu. Ke mai jirgi, zo ki riƙe mana agogon."

Layi-layi suka riƙa fitowa suna juya hannayen da kansu. Da aka kaɗa ƙararrawa, ko rabin darasin bai kai ba.

Ya fito baranda kansa a sunkuye. "Malama, ban gama ba."

"Da farko ai ka gama, su ne ba su fara ba." Ta mayar da takardarsa jaka ba tare da ta sa hannu ba. "Gobe ma naka ne. Ka goge allin da ke goshinka."