Dardumar Maknas a Tafki

Tun da Nuhaila ta hango motar Kawu Bushta tana hawo dutse tana nishi, da dardumai a naɗe a samanta, ta san an zo da rigima. Cewa ta yi wa danginta su zo su kafa tanti a bakin tafki, su huta da zafin birnin Maknas. Ba ta ce su kwaso falo ba.

Koyarwa ce ta kawo ta ƙauyen da ke saman tafkin, amma rabin ƙarfinta a kan magana ɗaya ya ƙare: a daina sa sabulu a ruwan nan. Shi mutane ke sha, shi tumaki ke sha, ga shi kullum sai ja da baya yake yi. Ta bi gida gida tana roƙo, har dattawa suka yanke cewa duk mai wanki ya ɗebi ruwa ya hau tudu. Matan ƙauyen suna jidar ruwa a baya suna harararta, amma sun bi, don sun ɗauka Malama ba ta faɗin abin da ba za ta yi a gidansu ba.

Kafin a gama ɗaure tanti an sauke tukunyar gas, an ɗora miyar nama a kaskon tajin, an jefa kankana a ruwa ta yi sanyi, an ƙure rediyo har birai suka gudu cikin itatuwa. Nuhaila na juyowa ta ga mahaifiyarta, Lalla Zuhur, ta tattare riga zuwa gwiwa, ta baje jar darduma a cikin ruwa tana zazzaga mata garin sabulu.

"Mama, me kike yi haka?"

"Rawa nake yi. Ba ki da ido ne?"

"An hana wanki a nan."

"Wa ya hana?"

"Dattawan garin."

"Wato ke," in ji Lalla Zuhur, ta ci gaba da dirza.

Kawu Bushta yana kishingiɗe a kan katifa, tumbinsa ya turo riga. Ya tofar da ƙwallon kankana ya ce, "A'a, ranki ya daɗe, ministar ruwa! Tafki guda ne 'yar kumfar nan za ta kashe? Ruwan Allah ne, 'yar nan. Zo ki sha shayi, karatu ya ƙona miki kai."

Ta dube shi. Mutumin da ba a taka masa darduma da takalmi. Mutumin da kullum yake nuna mata hotunan Turai a waya yana cewa mu dai ƙazanta ta gama da mu. Ga shi nan, ɓawon kankana ya kewaye shi kamar shinge.

Ta shiga ruwan da takalminta ta kama gefen dardumar ta ja. Ko motsi dardumar ba ta yi ba, ta sha ruwa ta yi nauyin saniya.

"Sakar min!" in ji mahaifiyarta. "Da wannan aka kai ni gidan ubanki. A ɗakin wankan Maknas zan wanke ta, mai faɗin tabarma?"

Suna cikin haka sai ga Dattijo Muha, wanda da bakinsa ya sanar da dokar, yana gangarowa. Matarsa Itto na biye da shi da gurasa mai zafi da man shanu da zuma, an zo yi wa dangin Malama barka da zuwa. Ya yi sallama, ya tsaya yana kallon kumfar da ta yi layi tana tafiya wajen mashayar tumaki.

Kawu Bushta ya miƙe ya rungume shi. "Kai, Allah ya ba ku wuri, wallahi kamar Turai! Sai dai ku riƙa kula da tsafta."

"Za mu kula," in ji Dattijo Muha.

Itto ta sunkuya ta shafa dardumar. "Lalla, ta fita fes. Ba jida, ba ciwon baya."

"Ungo sauran, 'yar'uwa," in ji Lalla Zuhur, ta danƙa mata ledar sabulun. Itto ta karɓa hannu biyu tana godiya.

Nuhaila ta matso. "Baba Muha, don Allah ka yi musu magana. Ni ba su ji tawa ba."

"Mu ba ma yi wa baƙo faɗa, Malama," ya ce a hankali. "Ke ma da kika zo ba mu yi miki ba."

Da safe ƙarar duka ce ta tashe ta. Ta leƙo daga tanti ta ga matan ƙauyen sun jeru a bakin ruwa da barguna da ulun tumaki, suna bugu suna waƙa, Itto a gaba. Kumfa ta rufe gaɓar tafkin fari fat. Ba wadda ta ko ɗago ta dube ta.

Lalla Zuhur na shanya dardumarta a kan dutse, ta nuna su da haɓa.

"Kin gani? Kowa ma yi yake. Ke ce dai mai neman fitina."