Gonar da Ba a Auna Ba

Shekara uku ke nan da ambaliya ta binne gonar shinkafar Malam Maharazu da yashi. Fadamar da take ciyar da gidansa, yanzu ko kaza ba za ta ƙosar ba.

Da masu aikin farfaɗo da fadama suka zo daga Dutse, wata injiniya, Najwa, ta shigo gonar da dogon ƙarfe. Sai ta huda ƙasa, ta auna zurfin yashi, ta rubuta. Shi kuwa tun a kasuwa ya ji cewa duk gonar da aka samu yashi, ƙwacewa za a yi. Wa ya faɗa? Oho. Amma maganar ta zauna masa daram.

"Ke 'yar nan, fice min daga gona."

"Baba, taswira muke yi, don a san inda yashi ya taru a kwashe."

"Gonata ba yashi ko ƙwaya. Rubuta haka, in dangwala."

Yana faɗa, yashin na cika masa takalmi. Ta lallashe shi har ta gaji, ya ɗaga fartanya. Ta rubuta, ya dangwala, ta wuce gonar Muntaka maƙwabcinsa.

Rani na yi sai ga katafila. Ta yashe ta Muntaka har baƙar laka ta fito, ta zo kan iyaka, ta kewaye ta Malam Maharazu tsaf, ta yi gaba. Direban ya ce shi takarda yake bi.

Ran Malam ya ɓaci matuƙa. Ko kokon safe bai sha ba ya hau mota sai Dutse, yana huci, yana rantsuwa Muntaka ne ya yi masa ƙulli.

A ofis Najwa ta shimfiɗa masa taswirar. Duk inda yashi ya yi zurfi an shafa ja. A tsakiyar jan akwai wani fili fari fat, siffar gonarsa sak, har da lanƙwasar nan ta gindin giginya.

"A maido min katafilar," in ji shi.

"An kai ta wata fadama, Baba. Aikin yankinku ya ƙare."

Ya daki tebur. "To wane mara imani ne ya sa aka tsallake ni?"

Ta buɗe littafinta, ta karanta masa layi ɗaya: mai gona ya ce babu yashi. A ƙasan layin ga shuɗin babban yatsansa nan, ya fito raɗau, don ranar da ƙarfi ya danna.